Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jaruman Finafinan Hausa: Ku Dawo Kan Dandamali

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena da yayyena da ƙannena masu sana'ar fim, maza da mata, ina gaishe ku da ƙoƙari, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ni malamin makaranta ne a cikin birnin Katsina, Hausa nake koyarwa a sakandare, kuma roƙo ne ya kawo ni gabanku. Ina roƙonku ku dawo kan dandamali, ku riƙa yin wasa a gaban jama'a ido na ganin ido. Idan kuma kun dawo, kada ku tsaya ga abin ban dariya. Ku kawo mana wasa mai nauyi, irin wanda mutum zai tashi daga kallonsa jiki a sanyaye, ya isa gida bai ce wa kowa uffan a hanya ba. Jihar nan tana ɗauke da abin da ya isa a nuna mata shi ƙuru-ƙuru. Ku ne kuwa Allah ya ba baiwar nunawa, ku ne kuma mutum zai rufe shagonsa ya zo kallo don kawai ya ji sunanku.

Ba na cewa kun yi mana ƙaura. Kuna zuwa, musamman da Sallah, a yi gala wuri ya cika maƙil. A saki waƙa a lasifika, jarumi ya riƙe makirufo yana bin ta da baki, a taka rawa, a yi liƙi, matasa su yi ta turereniya wajen ɗaukar hoto. Ban raina wannan ba, kowa da hanyar abincinsa, kuma mutane na bukatar ranar da za su ɗan sake. Sai dai wanda ya je gala fuskarku ya gano, bai ga aikinku ba. Aikin naku ta gilashin waya da talabijin kaɗai muka san shi, bayan an yanka, an haɗa, an shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashi.

Kwanakin baya wasu daga cikinku suka gwada wani abu daban a nan Katsina, a ɗakin taro na wata makaranta. Ba zan kama suna ba, don maganar tawa ta ku duka ce. Na je na gani, abin da na gani kuma shi ne hujjata, saboda haka ku yi haƙuri in ɗan daɗe a kansa.

Babu wani kayan a zo a gani a kan dandamalin. Tabarma ce shimfiɗe, da buta, da turmi a kife, sai asabari da aka rataya a matsayin ƙofar ɗaki. Labarin gidan wani manomi ne a ƙauyen da ke bakin daji. 'Yan bindiga sun shigo cikin dare sun tafi da mutum biyu daga gidan: ɗiyarsa budurwa da aka riga aka sa wa rana, da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, mai mata da ƙananan 'ya'ya. Ya sayar da shanun huɗa, ya jinginar da gona, dangi da maƙwabta sun yi karo-karo, amma abin da aka tara bai kai na mutum biyu ba. Ɗaya zai fanso. Kusan dukkan wasan a dare guda yake, daren da aka ce masa da asuba za a bugo.

Wanda ya fito a maigidan mutum ne da duk Arewa ta san shi da barkwanci. Yana leƙowa daga bayan asabari wuri ya kaure da dariya da tafi, tun bai buɗe baki ba, tsabar sabo. Bai ko dube mu ba. Ya zauna a tabarma, ya kwance ƙullin baƙar leda, ya fara ƙirga kuɗi. Tsofaffin takardu ne, 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar, waɗanda suka sha hannu a kasuwar ƙauye har suka yi laushi. Yana lasar yatsa yana ƙirgawa, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe, ya yi shiru, ya tattara ya sake farawa. Kafin ya gama zagaye na uku babu mai ko tari a ɗakin. Ina zaune wajen gaba, ina ganin zufa na gangarowa tana jiƙa wuyan rigarsa, ina ganin hannunsa na rawa a kan kuɗin. Matarsa na bakin asabari ta juya masa baya, ba ta ce komai ba, amma kowa ya san wadda take so a fanso. Can gefe tsohuwarsa na jan carbi, ita ma kowa ya san wanda take roƙa wa Allah.

Sai wayar ta yi ƙara. Ƙaramar waya ce mai tocila, an ɗaure ta da roba don kada batir ya faɗo. Ba mu ji muryar mai bugowa ba. Har wasan ya ƙare ba a nuna ɗan bindiga ko ɗaya ba, ba a ga bindiga ba, ba a ga jini ba. Abin da muka gani shi ne dattijo mai furfura ya zabura ya durƙusa bisa gwiwoyinsa, alhali wanda yake magana da shi ba ganinsa yake ba, yana cewa, "To, ranka ya daɗe. Na ji, ranka ya daɗe. A yi mani rai." Daga yadda maganar ke tafiya muka gane yaro ne ke ba shi umarni, wanda bai wuce sa'ar ɗansa ba. Muka gane kuma an ƙara sharaɗi, bayan kuɗin sai an haɗa da sabon babur da katin waya. A daidai nan wata baiwar Allah daga sashen mata ta fashe da kuka, ta ce da ƙarfi, "Haka aka yi muna! Wallahi haka aka yi muna!" Jarumar da ta fito a matar gidan ta ɗago kai ta dubi inda muryar ta fito, ta yi jim gwargwadon numfashi ɗaya, idanunta suka kawo ruwa, sannan ta koma cikin wasanta. Babu daraktan da ya tsara wannan, kuma babu kyamarar da za ta iya ba ni shi.

Daga baya aka gano maƙwabcin da ya fi kowa zirga-zirga, wanda ya zaga gida-gida da ƙoƙon karo-karo, wanda ya kwana a zauren yana ba maigida baki, shi ne infoma. Shi ya sa na daji suka san ko nawa aka tara tun kafin a faɗa masu. Maigidan ya zaɓi ɗiyarsa. A fitowar ƙarshe ta dawo, tana zaune a tabarma an ajiye mata kwanon tuwo ba ta taɓa ba, dangin wanda zai aure ta sun aiko a mayar masu da kayan sa rana, matar ƙanen kuma tana tsaye a tsakar gida da 'ya'yanta tana kallon maigidan kawai. A haka aka kashe fitila. An daɗe kafin wani ya tuna da tafi. Da aka kunna wuta ma mutane ba su watse ba, aka tsaya ƙungiya-ƙungiya a harabar wurin ana magana ƙasa-ƙasa. Wani abokin aikina da muke zama ofis ɗaya tun da daɗewa, a wannan daren na fara jin cewa su ma sun taɓa kai kuɗin fansar yayarsa, kuma har yau akwai 'yan'uwan da ba su ga maciji saboda wanda ya ƙi ba da nasa kason.

Kun san halin da muke ciki, amma bari in faɗa don kada a ce wasan ya yi ƙari. Ranar 11 ga Disamba, 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji, sai bayan kwana shida aka sako su. Wannan duniya ta ji shi saboda yawan yaran. Wanda duniya ba ta ji ba shi ne na kullum, mutum biyu yau, biyar gobe, a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa da Ɗandume, garuruwan da yawancinsu ke maƙwabtaka da dajin Rugu da dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara da Kaduna. A watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, duk don a toshe wa na daji hanya. Waɗanda suka tsere da rai suna nan cikin birni tare da mu, a kangaye da gidajen dangi, mata da yara ne mafi yawansu. Mu kuma 'yan birni, tun abin na girgiza mu har ya koma lissafi. A ce an kashe kaza an tafi da kaza, mu ce Allah ya kyauta, mu ci gaba da shan shayi. Ba rashin imani ba ne, zuciya ce ta gaji. To a wannan dare na ga gajiyayyun zukata sun farfaɗo, na ga ɗan kasuwa da ma'aikaci da ɗalibi sun ji abin da ake nufi da kuɗin fansa a jikinsu. Gani ya kori ji.

Za ku ce ai ana iya yin wannan labari a fim, ya kai ga mutum miliyan maimakon 'yan ɗaruruwa. Gaskiya ne, ku yi shi a fim ɗin ma. Amma ku duba yadda ake kallon fim yanzu. Tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, kowa shi kaɗai yake kallo, waya a tafin hannu, abin ji a kunne. Wuri ya yi zafi ya tura gaba. Uwa na tsakar kuka talla ta ratso. Saƙo ya shigo ya fita ya duba, data ta ƙare ya bari sai gobe. Shi kuma mai kallon ya san an ɗauki wurin nan sau da yawa kafin a zaɓi ɗaya, ya san kiɗan da aka sa ne ke gaya masa lokacin da zai ji tausayi. A dandamali babu a sake. Jarumi na numfashi a iskar da kake numfashi, in muryarsa ta shaƙe a gabanka ta shaƙe, ba ka da maɓallin da za ka danna ka tsere. Abin da ya fi wannan ma, ba kai kaɗai ba ne. Mu mutane ne da ba mu saba ɗaukar baƙin ciki a ɗaiɗaice ba. In an yi rasuwa akwai zaman makoki, in an yi gobara akwai jaje. Wannan masifa ce ta zo da abin da ba a zaman makokinsa. Wanda ya biya fansa ɓoyewa yake don kada a sake dawo masa. Wadda aka sako sunkuyar da kai take saboda bakin mutane. Wanda ke zargin maƙwabcinsa haɗiyewa yake don tsoro. Ɗakin nan ya ba mutane wurin da za su zauna tare su yi kukan abu guda ba tare da an ce wane ne ya tona asirin gidansu ba.

Kada kuma wani ya ce maku wannan baƙon abu ne da aka aro. Kowane yaron Katsina ya yi tashe ko ya bi masu yi in azumi ya kai goma, kuma duk mai hankali ya san tashe ba raha ce zalla ba. A cikinsa ake nuna wa malami mai kwaɗayi halinsa, a nuna wa tsoho marar kamun kai nasa, a koya wa yarinya zaman aure. A fadojin ƙasar Hausa an yi wasan Gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da 'yan majalisarsa, mai mulki ya ga kansa a jikin wata ya gyara abin gyarawa. 'Yan kama sun yi nasu a kasuwa da gidan biki. Da boko ya zo aka ɗora a kan wannan tushe. Malam Aminu Kano tun yana matashi ya rubuta gajerun wasanni yana sukar zalunci da jahilci da su. A nan gida mun yi Alhaji Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, wanda littafin wasansa Kulɓa Na Ɓarna ya fito a 1979, kuma ba labarin daɗi ya bayar ba, yadda mai kuɗi ke lalata rayuwar ɗalibar makaranta ya nuna. Su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, sun riƙe gidajen Arewa shekara da shekaru da wasa a rediyo da talabijin. Ita kanta masana'antarku daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitar da fim ɗin bidiyon da ake ƙirgawa a na farko a 1990, 'yan dandamali ne kafin su riƙi kyamara. Manyanku da ke raye sun san haka, da yawansu a ƙungiyar dirama ta makaranta ko ta unguwa suka koyi tsayuwa gaban mutane. Don haka gidanku na fari nake kiran ku, ba wani wuri ba.

Akwai abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya a aji. Kowace shekara ina koyar da wasan kwaikwayo, yara su haddace jigo da warwarar jigo da zubi da tsari, su san kashi da fitowa, su rubuta a jarrabawa su ci. Ka tambaye su wa ya taɓa zama ya kalli wasa a dandamali daga farko har ƙarshe, sai a yi tsit. Muna ba su takardar shaida a kan abin da ba su taɓa gani ba. 'Yan kaɗan daga cikin ɗalibaina da suka samu shiga wannan wasa, washegari ba su bar ni na yi darasin da na shirya ba. Musu ya kaure a kan ko maigidan ya yi daidai, wasu na cewa ai ƙanen ne ke ciyar da mutum shida, wasu na cewa ɗiya mace ba a barin ta ko dare ɗaya a hannun waɗannan mutane. Wata yarinya mai shiru-shiru ta ɗaga hannu ta ce ita tambayarta ɗaya ce, me ya sa aka mayar da kayan sa rana alhali yarinyar ba ta yi laifin komai ba. Ban taɓa samun darasin jigo da ya kai wannan ba.

Na ji masu cewa wasan ya yi tsanani, fama gyambo ne, mutanen da ke cikin wuta ba su bukatar a nuna masu wuta. Ban ɗauki maganarsu da wasa ba, don cikinsu akwai waɗanda abin ya taɓa kai tsaye, kuma sun fi ni haƙƙin magana. Amma duk wanda ya yi jinyar gyambo ya san ba rufe shi da tsumma ke warkar da shi ba, sai an buɗe an wanke, da zafinsa da komai. Abin lura shi ne hannun mai wankewar. A sanar tun a talla cewa wasan na da nauyi, don wanda ba zai iya ba ya zauna gida. Kada a shigo da ƙananan yara. Kada a mayar da wahalar mutane abin burgewa, a cika dandamali da bindigogin roba da jan ruwa. Ƙarfin wasan da na gani a abin da ya ƙi nunawa yake. Kafin ku rubuta wani kuma, ku zauna da waɗanda suka dawo daga daji da waɗanda suka kai kuɗi, in sun yarda, ku saurara da kyau, ku sauya duk abin da zai sa a gane su.

Wani wurin da nake roƙon ku taka a hankali shi ne maganar ƙabila. Abu ne mai sauƙi a ɗaura wa mugu rawani a ba shi sanda a sa ya karya harshe, 'yan kallo su yi ihu. Wanda ya yi haka ya ƙara wa wutar itace. Bafulatanin da aka kore masa shanu ya wayi gari ba ko ɗan maraƙi yana nan, wanda aka kashe masa ɗa a hanyar kasuwa don kamanninsa kawai yana nan, kuma a jihar nan da wuya ka sami gidan da jinin Hausa da Fulani bai gauraya ba. Na yaba wa marubucin wasan da ya sa macucin ya fito daga cikin zauren gidan, don a nan ne abin ya fi ciwo, a nan ne kuma ya fi gaskiya. Ina fata wata rana in ga wasan da zai shiga ruga ya nuna dare irin wannan ta wancan gefen.

Maganar addini kuwa ba ta gagara ba. A wannan wasa maza na gefe mata na gefe, suturar 'yan wasa babu abin kushewa, an fara bayan Isha'i ba a ci lokacin salla ba. Na ga limamin wata unguwa a cikin 'yan kallo, da aka tashi yana share ido da gefen rawaninsa. Ku riƙa gayyatar malamai tun a gwaji, su gani da idonsu, su ba da shawara. Mafi yawan ƙyamar da ake yi wa sana'arku daga nesa ake yin ta.

Tsorona ɗaya ne, kuma shi ya fi sa ni rubutun nan. In abin ya karɓu, masu ba da shawara za su yi yawa. Za a ce a ɗan sa waƙa biyu don matasa, a sako wani ya ba da dariya a tsakiya don a huta, a gyara ƙarshen jami'an tsaro su iso a ceto kowa a ɗaura aure. Mai ɗaukar nauyi zai so a ambaci sunansa a bakin jarumi, ɗan siyasa zai so a nuna cewa a zamaninsa komai ya lafa, abokin hamayyarsa kuma zai so a nuna akasin haka. Don Allah kada ku sayar da ƙarshen wasan. Matar nan da ta ce haka aka yi masu, in kuka ƙare da biki kun ce mata ƙarya take. Ku karɓi taimakon kowa a kan kuɗin ɗaki da mota da masauki, amma alƙalami ya tsaya a hannunku.

Na san za a kawo maganar kuɗi, kuma ba ƙaramar magana ba ce, mai iyali ba ya aikin Allah-ya-isa. Sai dai wasan da na ba ku labari kayansa duka za su shiga bayan a-kori-kura ɗaya, 'yan wasansa ba su kai goma ba, kuma mutane sun sayi tikiti har wasu suka tsaya a tsaye. An taɓa rayuwa da wannan sana'a a ƙasar nan. Hubert Ogunde, shahararren ɗan wasan dandamali na ƙasar Yarbawa, da ƙungiyarsa a mota suke zaga garuruwa, har Arewa, da kuɗin ƙofa suke ci, kuma bai ji tsoron abu mai nauyi ba: da aka harbe ma'aikatan haƙar kwal a Inugu a 1949, shekarar da ta biyo ya ɗora abin a dandamali. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a shekarun 1970, da jar ƙasa aka gina dandalin wasa a bisa fasalin gidan Bahaushe, malamai da ɗalibanta kuma suka riƙa fita ƙauyuka suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu, har Maska ta ƙasar Funtuwa sun je. Wurin yi ma ba mu rasa ba. Akwai ɗakunan taro a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a nan birni, akwai jami'ar tarayya da Kwalejin Isa Kaita a Dutsin-ma, akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman a Daura. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ma ƙofa ce da ya kamata ku ƙwanƙwasa, don irin wannan aiki aka kafa ta.

Gyara ɗaya zan yi wa waɗanda suka yi wasan, cikin girmamawa. An ce mana ƙauyen a yammacin Katsina yake, amma bakin mutanen gidan Kananci ne tsantsa. Kunnenmu ya ji, kuma ya ɗan rage wa abin kaifi a wurin waɗanda suka fito daga can. Maganinsa a kusa yake. Jihar nan cike take da matasa masu ƙungiyoyin wasa a makarantu da unguwanni, waɗanda ba su da inda za su nuna kansu sai gajerun bidiyo a waya. Ku ɗauki biyu ko uku a kowane gari ku haɗa su da manyanku, su gyara maku harshe, ku kuma ku koya masu yadda ake jefa murya ta kai ƙarshen ɗaki ba tare da ihu ba, da yadda ake yin shiru a gaban mutum ɗari biyar. Wannan ilimi a jikin dattawanku yake, ba a rubuce ba, kuma muna ta rasa su ɗaya bayan ɗaya.

Shawarata ita ce ku sa lokaci bayan kaka, sanda amfani ya shigo gida, hanya ta bushe, makarantu kuma suna buɗe. Ku fara da Katsina da Daura da Funtuwa da Dutsin-ma da Malumfashi, inda mutanen ƙauyukan da abin ya shafa za su iya isowa. Wajen birni a yi shi da rana tsakanin Azahar da La'asar, don kowa ya koma gida da haske. A kowane gari a ware nuni ɗaya na ɗaliban manyan azuzuwan sakandare a kan kuɗi kaɗan, a bar rabin sa'a bayan wasa su yi wa 'yan wasa tambaya. Na yi magana da malaman Hausa 'yan'uwana a makarantu da dama a nan birni, kuma sun amince: neman izinin shugabannin makarantu da na iyaye, da jera kujeru, da rako yara da mayar da su, duk mun ɗauka. Ku dai ku sanar da rana da wuri, za ku same mu a bakin ƙofa da ɗalibanmu.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin Hausa,
Birnin Katsina.